Yabon Dole na Waziri Hambali

An yi wani sarki mai hangen nesa, yana da waziri ana ce da shi Hambali, mutum mai ilimi da fasaha, sai dai Allah ya jarrabce shi da hassada. Tun ran da aka naɗa wani baƙon malami, Zayyanu, alƙalin gari, sarki kuma ya riƙa jinjina wa hukuncinsa, tuwo ya daina yi wa Waziri daɗi. Ko tari Alƙali ya yi a fada, sai ya ji kamar da shi ake.

Rannan ya faɗi gaban sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mutumin nan bai cancanci alƙalanci ba."

Sarki ya ce, "Mai yiwuwa ne, Waziri. Amma kafin in tuɓe shi, kwana arba'in za ka yi kana faɗin halinsa na kirki guda ɗaya kowace safiya a gaban majalisa, na gaskiya, ba maimaici. Ran da ka rasa, ko ka yi ƙarya, rawaninka za a warware."

Waziri ya fita zuciya na tafasa. Tsoron rasa rawani ya sa babban mutum ya koma zaman zauren shari'a yana farautar abin faɗi. Ranar farko da ƙyar ya ce Alƙali ba ya makara. Daga baya ya ga Alƙali ya mayar da ragon da wani attajiri ya aiko masa, ya kuma ga ya taso daga buzunsa ya durƙusa kusa da wata tsohuwa mai nauyin kunne don ta ji hukuncinta. Kowane yabo kamar ƙaya yake fita daga bakinsa, babban abin haushin kuwa, ya soma gaskata abin da yake faɗi.

A rana ta arba'in sarki ya ce, "Ka cika sharaɗi. In ka ce a tuɓe shi, yanzu za a tuɓe."

Waziri ya dubi Alƙali, ya ji ƙyashin yana nan bai mutu ba. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, har gobe in ka yabe shi raina sosuwa yake. Amma bakina ya ba da shaida sau arba'in, zuciyata kuwa ta ji ta yarda. A bar shi."

Sarki ya cire alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, ya ce, "Wanda ya yi wa abokin hamayyarsa adalci alhali zuciyarsa na ciwo, shi ya dace da amanar talakawa."