Mai Haƙa Rijiya da Jiƙon Rage Ƙiba

Akwai wani mutum mai haƙa rijiya, wanda Allah ya sa wa aikinsa albarka. Da wadata ta zo, sai ya daina shiga rami, ya koma inuwa yana ba ƙanensa umarni. Nama da safe, soye-soye da rana, lemon kwalba kuwa ya zame masa ruwan sha. Jikinsa ya yi nauyi, har in ya sunkuya zai sa takalmi sai ya yi haki.

Wata shekara rijiyar ƙauyensu ta ƙafe. Dutse ne a ƙasanta, mutumin nan kaɗai kuma ya iya fasa irinsa. Dattawa suka roƙe shi, ya amsa. Amma ƙanensa ya dubi igiya, ya dube shi, ya ce, "Yaya, ba raini ba ne, igiyar nan ba za ta ɗauke ka ba."

Maganar ta soke shi. Da ya gaya wa matarsa, ta ce, "Maigida, rage tuwon, ka ƙara wake da miyar ganye. Bar lemon nan, ka riƙa zuwa gona da ƙafa. Abin da ya taru a hankali, a hankali zai sauka."

Ya ce, "Sai yaushe ke nan? Ƙishirwa ba ta jira."

Ran kasuwa ya gamu da wani mai tallar jiƙo. Mutumin ya ce masa, "Sha wannan safe da yamma, kada ka ci kome. Ba da daɗewa ba wandonka zai yi maka yawa."

Haka kuwa ya yi. Cikinsa ya yi ta gudu, ya rame, mutane suna ta yaba masa. Ya ji daɗi, ya ɓoye jirin da yake ɗibarsa.

Ranar aiki aka zura shi cikin rijiya, igiya ta ɗauke shi lafiya. Ya ɗaga diga ya sari dutse. Ya sake ɗagawa, sai hannuwansa suka saki, duhu ya rufe idonsa. Ƙanensa ya yi ta kira daga sama, "Yaya! Yaya!" Shiru. Sai ƙanen ya sauka da kansa, ya ɗaure shi, aka jawo shi kamar gawa.

Ya daɗe a kwance. Matarsa tana ba shi kunu da cokali, ba ta taɓa yi masa gori ba. Da ya tashi ya bi shawararta, jikinsa kuma ya dawo daidai sannu a hankali. Amma a ranin nan ruwan kududdufi mutanensa suka sha, yara da yawa suka yi ciwo, wannan kuwa ya tsaya masa a rai.

Ma'anar misalin nan ita ce, 'yan'uwa: jiki amana ne daga wurin Allah, an ba mu shi domin mu yi wa juna hidima. Mutumin nan ya ɓata nasa sau biyu, da fari da haɗama, daga baya da gaggawa. Ya nemi ramar da ido zai gani, ya rasa ƙarfin da aiki yake bukata. Kada ku amince da mai yi muku alkawarin gyaran shekaru a cikin kwalba. Ku ci abin da Ubangiji ya tsirar a gonakinku, da godiya, da kamewa, kowace rana. Gama akwai waɗanda suke jiran ƙarfinku, in kuwa kun faɗi, ba ku kaɗai za ku sha wahala ba.