Kwanon da Ya Dawo a Cike

An yi wani mutum a nan Sabo ta Ibadan. Ba zan faɗi sunansa ba, don 'ya'yansa suna nan a cikinmu, kuma ba su yi wa kowa laifi ba. A nan aka yanke masa cibiya. Yarbanci a bakinsa kamar a gidan Yarbawa ya tashi, ga Turancin makaranta, ga Hausa ta gado. Mutum ne mai fara'a, mai son cin daɗi. Wannan kam ba zunubi ba ne.

Abin da ya fi so a duniya shi ne ciyayya. Kun dai san yadda ake yi. In an idar da sallar Magariba sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Malam Yusha'u, dattijon nan mai sayar da goro, kowane magidanci a fito masa da kwanonsa daga cikin gida. Wannan tuwon masara, wancan amala da miyar ewedu, wani kuma wake da manja ne kawai, ba mai raina masa. A jera kwanuka a tsakiya, kowa ya sa hannu a na kowa, ana ci ana tsiya. Matarsa Mardiya ta iya miya, don haka kwanonsa ake fara siɗewa. Har tsokanarsa suke yi, suna cewa, “Kai dai albarkacin Mardiya kake ci, in ba don ita ba da tuni mun kore ka daga tabarmar nan.” Sai ya yi ta dariya har da riƙe ciki. In ya koma gida da kwano fayau, ji yake duk Ibadan ba wanda ya kai shi sa'a.

Ana nan, sai Allah ya kawo masa aiki. Akwai wata kasuwa a bayan gari inda manyan motoci daga Arewa suke sauke kaya. Hukumar wurin tana neman wanda yake jin Hausa da Yarbanci, ya tsaya a bakin ƙofa yana ba motoci izinin shiga. Aka ba shi. Aka ba shi riga mai tambari, da kujera a ƙarƙashin rumfa. Ranar nan a tabarma har addu'a aka yi masa.

Aikin ba wuya. Ƙa'ida ɗaya ce, kuma tun kafin a haife shi ake bin ta: ɗanyen kaya ne a gaba. Motar tumatir da attarugu da tattasai ita ke fara shiga, don kayan gwari ba sa jiran kowa. Mai hatsi da mai doya su dakata, nasu ba ya ruɓewa a yini guda. Haka ya riƙe da farko, direbobi suna sa masa albarka.

Wata rana wani mai motar masara yana sauri, ya dunƙule wani abu ya sa masa a hannu, ya ce, “Oga, ga na goro.” Mutumin namu ya waiga dama da hagu, ba mai kallo. Ya ɗaga masa ƙarfen ƙofa. Ba abin da ya faru. Sama ba ta faɗo ba, barcinsa ma bai ragu ba.

Ya 'yan uwa, ai daman haka take farawa. Wa ya taɓa cin haram ranar farko ya ji ɗaci?

Kafin a jima na goro ya zama doka. Wanda ya miƙa ya shiga, wanda bai miƙa ba ya tsaya a rana. Kuma ya gano cewa mai tumatir ya fi mai masara saurin miƙawa, saboda shi kayansa narkewa suke yi yana kallo. Sai ya koyi jan ƙafa in ya ga motar kayan gwari. Manyansa na ofis suka ji ƙanshi, suka kira shi. Ya zaci faɗa za a yi masa, ashe rabonsu suke nema. Daga nan hankalinsa ya kwanta sarai. Ya ce a ransa, tunda na sama suna ci, ni wane ne?

Kwanonsa ya sake. Yau kaza, gobe farfesun jelar sa. Abokan ciyayya suka yi ta santi, suna cewa aikin gwamnati daɗi. Malam Yusha'u ne kaɗai ya ja shi gefe wata rana, don shi fatake suna sauka a zaurensa, yana jin abin da ake faɗa.

“Ɗana, ina jin maganganu a kan ƙofar nan taka.”

“Baba, surutun direbobi ne kawai. Kowa haka yake yi.”

“To. Ni dai na gaya maka.”

Sai ga wani manomi mai suna Jatau. Shi ba ɗan kasuwa ba ne. Noman raninsa ne gaba ɗaya, da na ƙannensa, suka haɗa suka cika mota, ya biyo ta da kansa don ya ji an ce tumatir yana daraja a Kudu. Guzurinsa ya ƙare a hanya. Ya iso ƙofa da sassafe, ya durƙusa ya ce a bar shi ya shiga, in ya sayar zai kawo abin da ya samu. Mutumin namu ko ɗaga kai bai yi ba, yana cin gasasshiyar masara yana latsa waya. Ya ce, “Kowa haka yake cewa. Koma layi.”

Motar ta wuni a rana, ta kwana, ta sake wuni. Jan ruwa ya fara ɗiga ta ƙarƙashinta, ƙudaje suka taru. Da aka buɗe daga baya, kwandunan ƙasa duk sun zama kunu. Abin da ya tsira bai kai a biya mai mota ba.

A daren nan mutumin ya fito tabarma da kwanonsa, shinkafa ce da zabi. Ya tarar da baƙo a zaune kusa da Malam Yusha'u, ya sunkuyar da kai. Direba ne ya kawo shi zauren don ba shi da wurin kwana. Mutumin ya buɗe kwano, ƙanshi ya tashi, ya tura shi gaban baƙon da fara'arsa.

“Baƙo muka yi? Sannu da zuwa. Bismilla, sa hannu, kada ka ji kunya.”

Baƙon ya ɗago ya dube shi. “Ranka ya daɗe, ba ka gane ni ba? Ni ne mai tumatir.”

Wallahi bai gane shi ba. Ya tsaya yana tunanin wane mai tumatir, don suna da yawa.

Ba wanda ya zage shi. Ba wanda ya ɗaga murya. Malam Yusha'u ya jawo kwanon wake da manja ya ajiye gaban Jatau, aka ci gaba da ci. Hannaye suna zuwa wannan kwano, suna zuwa wancan, suna tsallake nasa. Ya koma gida da shi a cike. Mardiya ta buɗe, ta ɗanɗana miyar ko gishiri ne ya yi yawa, ta ce, “Maigida, me na yi?” Ya ce ba komai, hassada ce irin ta talaka.

Washegari ya sa aka ƙara nama. Kwanon ya dawo a cike. Jibi ma haka. Ana gaisawa da shi lafiya lau, ana matsa masa wuri, ana tura masa na wasu ya ci, amma nasa ba mai taɓawa. Ina tambayarku, akwai wa'azin da ya fi wannan? Da ya tsaya a nan, da ya tsira. Amma sai ya yi fushi. Ya daina fita tabarma, ya koma cin abinci a otal da manyansa, ya fara gini a wajen unguwar Akinyele. Kuma in gaya muku gaskiya, yana jin daɗinsa. Ya yi ƙiba, ya yi mota. Sai dai in ya dawo da Magariba ya jiyo dariya daga ƙofar Malam Yusha'u, yakan ɗaga gilashin motar.

Su kuwa direbobi suna da tasu majalisar. Duk inda suka tsaya cin abinci a hanya, daga Tegina har Jebba, labarin ƙofar nan ake yi. Ɗaya bayan ɗaya suka sauya wurin sauke kaya. Kasuwar ta fara bushewa, masu rumfuna suka tayar da ƙura, magana ta kai sama. Da aka zo bincike, manyan nan da yake kai wa rabo su ne suka fara nuna shi da yatsa. Suka ce su ma yanzu suke ji. Aka tuɓe masa riga a gaban jama'a, aka tsare shi. Kafin ya fito, mota da ginin Akinyele duk sun tafi wajen neman fitar da shi.

Ya dawo Sabo a ƙafa, ya rame. Mardiya ce take riƙe da gidan da ƙosai da kokon da take sayarwa. Ya daɗe a ɗaka kafin ya iya zuwa zauren Malam Yusha'u, ya zauna a ƙasa.

“Baba, na tuba. Me zan yi?”

“Tsakaninka da Allah, ƙofa a buɗe take, ba mai karɓar na goro a kanta. Amma haƙƙin mutane sai mutane sun yafe. Je ka nemo Jatau.”

“Ina yake?”

“Tun asubar ranar nan ya bi motar da ta koma. Ya ce shi daga can wajen Zariya yake. Ban san garin ba.”

Tun daga lokacin, wurin aikinsa ya zama tashar manyan motoci. Yana bin direbobi ɗaya ɗaya yana tambaya ko sun san wani Jatau mai noman tumatir. Su ce, wane Jatau? Dogo ne ko gajere? Fari ko baƙi? Sai ya wuce mota ta gaba, don sau ɗaya ya taɓa duban fuskar Jatau. Wani direba ma ya ce masa, “Jatau kaɗai kake nema? Sauran fa?” Su ko sunansu bai sani ba.

A tabarma har yau ana ci ana tsiya, kuma wurinsa yana nan. An aika masa ya fito, tunda abincin gidansa yanzu gumin Mardiya ne. Yakan fito, a sa hannu a kwanonsa, a yaba miyar Mardiya. Shi ne dai ba ya iya ci. Ya kai hannu, ya tsaya, ya janye.

Ya 'yan uwa, duk wanda aka ba ƙofa ya tsare, ko ta ofis ce, ko ta asibiti, ko layin famfo ne kawai, amana aka ba shi. Mutumin da ke tsaye a gabanka yana roƙo, dube shi da kyau. In ka cuce shi yau don ka ga dama, gobe kai za ka neme shi, kuma ba lalle ka same shi ba sai a ranar da ba a biya da komai sai da ladan mutum. Ku mata, ku riƙa tambayar inda cefane ya fito. Ku maza, ku duba abin da kuke zuba wa 'ya'yanku a ciki.

Allah ya ciyar da mu halal, ko wake da manja ne. Allah ya sa mu rabu da duniya ba da haƙƙin kowa a wuyanmu ba. Shi ma bawan nan, Allah ya haɗa shi da Jatau tun suna numfashi. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuri'armu. Amin.