Matar da Ke Jin Ogan da Tafin Hannu

Akwai wani mutum mai suna Kefas wanda yake kaɗa ogan mai aiki da lantarki a wata majami'a. Ogan ɗin nan kuwa abin sha'awa ne. A saman maɓallan da ake dannawa da yatsu akwai waɗansu 'yan sanduna a jere, kowacce da muryarta. In ka jawo wannan waje, sai ka ji siririyar murya irin ta sarewa. In ka jawo waccan, murya ta yi kauri. In ka tura su ciki duka, ko ka danna maɓalli ba abin da zai fito. Daga ƙasa akwai feda mai faɗi kamar totur na mota, a taka sauti ya ƙaru, a sassauta ya ragu. Sa'an nan ga dogayen katakai da ake kaɗawa da ƙafa. Su ne masu murya mafi zurfi, wadda mutum yakan ji a ƙirjinsa kafin ta kai kunnensa.

Kefas yakan tuɓe takalmansa kafin ya fara. Tsofaffi suna ta yaba masa, wai tsabar tsoron Allah ne. Shi kuwa bawan Allah so yake kawai ƙafarsa ta gane katakon da take takawa.

Damuwa ɗaya ce. Rufin majami'ar ya tsufa, in Kefas ya taka katako mai zurfin murya sai kwano ya kama rawa, yana ƙara har ya dame waƙa. Dattawan ikilisiya suka kira shi cikin mutunci, suka ce ya bar kiɗan ƙafa, na hannu ma ya isa. Bai yi gardama ba.

A cikin ikilisiyar akwai wata dattijuwa, Mama Damaris. A dā ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata, har ciwon sanƙarau ya kama ta, ta tashi da ranta amma kunne ya tafi. Tun daga nan ba wanda ya ƙara jin ta rera waƙa. Kowace Lahadi takan zauna kusa da akwatin lasifika, ta ɗora hannu a kansa, ta rufe ido. Mutane sun ɗauka jingina take yi saboda tsufa.

Ranar da Kefas ya fara kaɗawa da hannu kaɗai, ya hango ta tana ta shafa akwatin, tana duban fuskokin mutane. Lahadi ta gaba ba ta zo ba, haka ma wadda ta biyo baya.

Sai ya tafi gidanta, ya iske ta tana ɓarar gyaɗa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya nuna wajen majami'a, ya buɗe hannuwa yana tambayar ko lafiya. Ta dube shi ta ce, "Ɗana, ogan ɗinka mutuwa ya yi? Na sa hannu ban ji komai ba. In zaman shiru zan yi, ai ina da ɗaki."

Maganar ta soki zuciyar Kefas ƙwarai. Ashe duk shekarun nan da tafin hannu take jin sujada, muryar ƙasa ce kaɗai ke kai mata waƙa, shi kuma ya yanke ta bai sani ba.

Bai koma ya karya umarnin dattawa ba. Ya je ya faɗa musu abin da ya ji, ya roƙi izini ya gyara rufin. Ran Asabar ya ari tsani da guduma, ya hau cikin rana yana kafa ƙusa. Ya sauko ya taka katako, ya kasa kunne, ya sake hawa wajen da kwano ke rawa. Dattijon da ya fara kawo ƙorafin ma shi ne ya riƙe masa tsani har yamma. Da kwano ya daina rawa, dattawa suka ba shi izini ya koma kiɗan ƙafa.

Da safe Kefas ya je da kansa ya taho da Mama Damaris. Da aka kai baitin ƙarshe na waƙar buɗe sujada, sai ya tura sandunan muryoyin hannu ciki duka, ya taka fedar ƙara sauti, ya bar ƙafafunsa kaɗai suna kiɗa. Jama'a suka rikice, suka yi shiru. Cikin shirun nan sai aka ji wata murya mai kaushi, ta ɗan kauce wa karin waƙar, amma ba ta yi gaba ba, ba ta yi baya ba. Mama Damaris ce, idonta a rufe, hannunta a kan akwati. Mata suka fara share hawaye. Ɗaya bayan ɗaya jama'a suka kama waƙar, kowa ya rage murya don kada a danne tata.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Ogan shi ne ikilisiya, Ubangiji kuwa ya ba ta muryoyi iri iri. Wa'azi da waƙa su ne kiɗan hannu, kowa yana ji. Kiɗan ƙafa kuwa shi ne ƙananan ayyukan da ba a kallo: gaisuwa a bakin ƙofa, ziyarar marar lafiya, rage wa tsoho hanya. Muna iya barinsu mu ce sauran ya isa, alhali akwai wanda ta nan ne kaɗai ƙaunar Allah take isa gare shi. Ku lura kuma da Kefas. Bai raina dattawa ba, bai kuma bar 'yar'uwarsa ta ɓace ba. Ya ɗora wahalar a kan jikinsa.

Yau kafin ka fita, ka dubi bencin da kake zaune. In akwai wanda ya saba zama kusa da kai amma ka daina ganinsa, kada ka ce ai lafiya yake. Ka je gidansa ka tambaya, watakila abin da ya daina ji kai ne ka daina yi.