Mutanen Hantsi

A wani zamani da ya shuɗe, ganuwar wani birni ta zube daga gabas. Sarki ya kira tsohon wazirinsa Gwadabe ya ce, "A toshe ta kafin ruwan fari. In ruwa ya riga ka, ka ajiye rawaninka."

Magina na yini guda ba su da yawa, sai aka haɗa su da manoma, waɗanda ke zuwa da asuba su kwaɓa ƙasa su yi tubali, rana na ɗagawa su wuce sharar gona. To, nan gizo ke saƙa. Tubalinsu kullum kaɗan, rabi kuma ya farfashe.

Waziri ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Ya sa aka riƙa yanka bijimi, Sarki na fitowa da la'asar bisa al'ada, ana raba nama da goro, maroƙi na kiran sunan kowa. Duk a banza. Ga gwiwa na ciwo, ga hadari ya fara leƙowa. Waziri ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Ran nan ciwon ya hana shi komawa shimfiɗa bayan sallar asuba, sai ya dogara sanda ya nufi ganuwa. Ya duba fuskoki, bai san ko ɗaya ba. Ya tambayi wani da ke tattaka laka sunansa.

"Nomau, ranka ya daɗe."

"Nomau, naman Sarki bai yi muku daɗi ba ne?"

"Labarinsa dai muke ji. Kullum da safe mu muke share ƙasusuwan kafin mu fara."

Kunya ta rufe Waziri. Ya koma fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya roƙi a mai da fitar Sarki hantsi.

Sarki ya ce, "Tun kakannina Sarki ba ya fita sai la'asar."

"Haka ne, Allah ya ja zamaninka. Sai dai ina da tambaya. Mutum ne ke da gona biyu, kullum ɗaya yake kai wa taki. Laifin wa in ɗayar ta ƙi?"

Sarki ya ce a ɗaura sirdi da sassafe.

Washegari ya tsaya a bakin ramin laka, maroƙi na kiran manoma ɗaya bayan ɗaya, har da sunayen iyayensu. Nomau ya ji nasa, ya rasa inda zai sa hannunsa mai laka. Daga ranar tubali ya fi ƙarfin magina, wasu ma in sun taso daga gona sai sun biyo sun ga inda aka kwana.

Ana shafe ƙarshen bango ruwa ya tsuge. Kowa ya watse neman mafaka, ban da Waziri, don gwiwar ba ta gudu. Ya zauna a gindin ganuwa ya jingina bayansa. Rawanin ya jiƙe sharkaf, ya yi nauyi, amma yana kansa.