Likitan da Ya Fasa Fiɗa Saboda Kaskon Turare

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, shekaru da dama da suka wuce. Likitan hanci ne, kuma malami a asibitin koyarwa. Shekara goma sha takwas yana fiɗar kogon hanci, ramukan nan da ke bayan kunci da goshi. Saura masa mataki ɗaya ya zama farfesa. Aka sa rana, manyan likitoci uku za su zo daga wasu jami'o'i su ga aikin hannunsa, su rubuta rahoto.

Wadda za a yi wa aikin yarinya ce 'yar shekara tara, sunanta Zulai. Shekara biyu hancinta a toshe, ba ta jin wari ko ƙamshi, ga atishawa ba iyaka, ga jan ido, ga ciwon kai. Hoto ya nuna kumburi ya cika kogon. Likita ya duba hoton ya ce sai fiɗa.

Ku saurara, iyaye mata, ku da aka taɓa tura ɗanku a gado mai taya aka rufe ƙofa. Ranar ta zo. An hana Zulai abinci, an ɗaura mata ruwa. Uwarta Lantana ta sa hannu a takarda, bayan an gaya mata wurin yana kusa da ido, kusa da ƙwaƙwalwa.

Kafin ya shiga wanke hannu, likitan ya leƙo ya gaishe su. Ya sunkuya kan yarinyar, sai ya ji ƙamshi mai ƙarfi daga zanen da uwar ta rufa mata.

Ya ce, "Maman Zulai, wannan ƙamshin fa?"

"Turaren wuta ne, likita. Ka yi haƙuri, na san nan asibiti ne."

"A ɗakin da take kwana ake turarawa?"

"Safe da yamma. Da hancin ya toshe ma sai na ƙara. Nakan zaunar da ita gaban kasko in lulluɓe ta, ko hayaƙin zai buɗe mata. Kakarta ce ta ce haka ake yi."

"Tun yaushe?"

"Tun da muka tare a sabon gida. Shekara biyu ke..." Ta tsaya, ta dubi 'yarta. "Likita, ni na jawo mata?"

Ku ji abin da bawan Allah ya ce. Ya ce, "Na taɓa tambayar ki abin da take shaƙa a gida?"

"A'a."

"To ni ne ban yi aikina ba. Hoto na duba, ban saurare ku ba."

Baƙin likitocin fa suna ɗakin fiɗa, sun sa kayan aiki, suna jira. Shugaban sashe ya ja shi gefe ya rage murya. "Dakta, lafiyarka ƙalau? Mutanen nan daga nesa suka zo. Kumburin gaskiya ne, ga hoto, ba wanda zai ce ka yi laifi. Idan suka tafi yau, sai bayan shekara biyu a sake duba takardunka."

"Ranka ya daɗe, na sani. Wataƙila ma daga baya sai an yi aikin. Amma ba zan kai wuƙa kusa da idon yarinya ba alhali ban gwada ɗauke kasko ba."

Bai aiki kowa ba. Da ƙafarsa ya shiga, ya tsaya gaban baƙin da ɗalibansa, ya ce ya sa ranar fiɗa bai yi tambayar da ake koya wa ɗan aji ɗaya ba. Wani daga cikin baƙin ya yi tsaki. Suka cire kayan aiki suka tafi.

Ya ba Lantana maganin fesawa a hanci, ya ce a wanke kayan shimfiɗa duka, kada a kunna turare a gidan har sati shida. Sati ɗaya, shiru. Sati uku, shiru. Lantana ta rame, tana tunanin ko dai an ɓata wa 'yarta lokaci ne. A sati na biyar suna cin tuwo, Zulai ta ɗago kai ta yamutse fuska.

"Umma, daddawar nan ta yi yawa. Warinta har nan."

Lantana ta ajiye loma ta fashe da kuka.

Ba a yi fiɗar ba har yarinyar ta girma. Shi kuwa likitan bai samu matsayin farfesa ba a waccan shekarar, ban ma san ko ya samu daga baya ba.

'Yan'uwana, gaskiya ita ce mutum ya ce "na yi kuskure" a ranar da faɗin hakan zai jawo masa asara, ba a ranar da ta yi masa sauƙi ba. Mu ma 'ya'yan nan amana ce a hannunmu. Idan kin kai ɗanki asibiti, faɗi duk abin da ake yi masa a gida, ko an tambaye ki ko ba a tambaye ki ba: turare ne, jiƙo ne, maganin maƙwabciya ne, faɗi. Idan kuma kin gane kin yi kuskure a kansa, kada ki ci gaba don gudun kunyar surukai ko ƙawaye. Ki tsaya a ranar, ki gyara. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.