Izinin Magana

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, da ya tashi maraya a barikin soja, a hannun wansa, saje mai igiya uku. Ɗakinsu ɗaya, gado ɗaya, ga kaki rataye a ƙusa, ga ƙamshin man takalmi da ba ya barin ɗakin. Saje kan bar masa gadon ya kwana a tabarma. In bigila ta busa da safe, shi ke ɗaure masa igiyar takalmi ya raka shi makaranta. Auta yake kiransa. Allah sarki, zamani!

Saje bai yi boko ba, amma ya rantse sai Auta ya yi. Ya kuwa yi, har ya shiga makarantar hafsoshi. Ranar da aka liƙa masa anini a kafaɗa, wansa ne ya fara sara masa a filin fareti, yana hawaye. Da suka koma gida Auta ya tuɓe hula ya durƙusa. Saje ya ce, "Tashi ranka ya daɗe, kar ka ɓata gugar wando." Suka yi ta dariya. Haka suka zauna shekaru: a waje Saje ya sara, a gida Auta ya durƙusa.

Sai aka yi juyin mulki. Auta, lokacin yana kanar, yana cikin waɗanda suka raba kujeru. Ya bar bariki ya tare a gidan gwamnati. 'Yan kwangila da tsofaffin 'yan siyasa suka yanyame shi. In aka tambayi asalinsa sai ya kawar da zancen. Wa zai so a ce a ɗakin saje ya tashi?

Amma bariki na da kunne. Abin da manya ke ƙullawa, direba da kuku ke fara ji. Saje ya ji ana shirin kifar da sabuwar gwamnatin, an kuma ambaci ƙanensa. Ya goge takalmi ya nufi gidan gwamnati. Ya tarar da falo maƙil da baƙi. Ruɗewa ta sa ya manta inda yake, ya ce, "Auta, zo mana, akwai magana."

Wani ɗan kwangila ya yi dariya. Kunya ta kama Kanar, ta koma fushi.

"Saje! Ƙame!"

Tsohon ya ƙame.

"Wa ya ba ka izinin magana?"

"Ina neman izini, ranka ya daɗe."

"Ban bayar ba. Juya!"

A soja, in na gaba ya hana magana, bakin na baya ya rufu. Saje ya sara ya fita. Washegari ya dawo cikin kayan gida, masu gadi suka ce an hana shi shiga.

Ba a jima ba aka kifar da su. Kotun soja ta fizge aninin Auta, ta ɗaure shi rai da rai. Ina 'yan kwangila? Ina mai dariya? Ko ƙeyarsu bai sake gani ba. Tsoho ɗaya ne ke zuwa gidan yari, ɗauke da kwanon abinci.

Auta ya riƙe ƙarfen taga yana kuka, ya ce, "Yaya, ashe ka sani? Me ya hana ka faɗa mini?"

Saje ya ce, "Na nemi izini, Auta."

A can gidan yarin Auta ya rasu, kuma Saje ne ya yi masa wanka.

Ya 'yan uwa, ba maƙiya suka kayar da mutumin nan ba, girman kai ne. Allah ya aiko masa da tsira a bakin wanda ya rene shi, ya toshe bakin da hannunsa. Anini mutum ke liƙawa, mutum ke cirewa. Kowannenmu yana da wanda ya bar masa gado ya kwana a tabarma. In ya zo da magana, ka durƙusa ka saurara.

Allah ya raba mu da girman kai da manta asali. Allah ya kiyaye mu.