Inna Amarya Ta Yi Kirsimeti Saura Kwana Arba'in

Akwai wani ɗan kasuwa a Jibiya mai suna Kalilu, shagonsa na bakin titin da ya miƙe zuwa kan iyaka. Duk motar da ta taso daga Maraɗi, in ta gama da jami'ai ta shigo, kusan a ƙofarsa take sauke mutane. Shagon gado ne. Mahaifinsa ya bar masa shi da benci ɗaya a gindin dogon yaro, da kuma wani tauraro.

Tauraron na gwangwani ne, an huda jikinsa ƙanana-ƙanana, an sa ƙwan fitila a ciki. In aka kunna shi da almuru, sai haske ya zubo ta hudojin ya bazu a ƙasa kamar an watsa gero.

Kalilu Musulmi ne, haka ma mahaifinsa. Amma suna da abokan ciniki Kirista daga ƙauyukan Riko da Farfaru, a nan suke sayen kayan bikinsu. Kowace shekara, idan ya rage kwana goma sha huɗu cif a yi Kirsimeti, tsohon yakan taka benci ya rataya tauraron a saman ƙofa, sannan a buɗe kwalayen kaya. Ba ya ƙara kwana, ba ya ragewa.

Da ciwon ajali ya kama shi, ya ce wa ɗansa, "Kalilu, kada ka yi gaggawar tauraron nan. Akwai masu ƙirga kwana da shi."

Kalilu ya ce to, irin "to" ɗin da ake ce wa tsoho don ya samu ya huta.

Shi dai Kalilu ba mugu ba ne, amma Allah ya zuba masa son a ce shi ne na farko. Da ana sayar da gobe a kasuwa, da tun jiya ya saro ta.

To, a wata shekara, tun farkon Nuwamba, wani direba mai suna Ɗantala ya sauke masa kwalaye daga Maraɗi. Ya ce, "Kayan Nowel ne, maigida, na Kirsimeti. Babu wanda ya samu a garin ga sai kai."

Kalilu ya buɗe. Ga fitilu masu ƙyaftawa, ga huluna ja, ga balan-balan, ga 'yan rigunan yara masu walƙiya. Nan take ya hango shagonsa yana ƙyalli shi kaɗai a duk layin, motoci na rage gudu don su kalla.

Matarsa Salmatu ta ce, "Maigida, ko dawa ba a gama yankewa ba. Kai da kanka kake ɓoye ma yara kayan Salla a ƙasan akwati sai ranar. Abin da ido ya gani wata biyu, mi ya rage mai na daɗi?"

Ya yi dariya ya ce, "Ke dai ki tsaya wajen tukunya. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe."

A yammacin nan ya taka benci ya rataya tauraron.

Abin da ya manta shi ne Inna Amarya.

Tsohuwa ce da ta haura saba'in, amma sunan da aka kira ta da shi ranar da aka kawo ta ɗakin miji ya bi ta har furfura. Tun da ƙauyensu ya watse, 'yan cocinsu suka bazu, take zaune ita kaɗai a wani ɗaki a gefen gari, maƙwabtanta duk Musulmi. Gwiwa ta hana ta doguwar tafiya, kunne ya yi nauyi, kalanda kuwa ba ta taɓa karanta ta ba.

'Ya ɗaya gare ta, Damaris, tana aure a Agadas, tana koyarwa a makaranta. Sau ɗaya take zuwa a shekara, ranar Kirsimeti, a motar Maraɗi. Don wannan rana Inna Amarya take kiwon ɗan akuya tun daga farkon shekara, tana ba shi dusa da harawa, tana yi masa hira kamar mutum.

Kalandarta ita ce tauraron. Ranar da ta gan shi, sai ta zuba gyaɗa goma sha huɗu a ƙoƙo, kullum da safe ta ci ɗaya. Ranar da ƙoƙo ya zama wayam, ranar ce.

Kuma tun zamanin tsoho, a shagon nan ake yanka mata akuyar. Takan ce, "In ba hannun Musulmi ya yanka ba, da wa zan ci? Maƙwabtana su zuba mani ido?"

Wata safiya, ranar kasuwa, shago ya cika maƙil, sai ga ta tana jan ɗan akuya ja mai sheƙi, wuyansa ya yi kauri.

Ta ce, "Kalilu, ɗan albarka, ga shi na kawo."

Kalilu na miƙa wa wannan kaya, yana amsa wa wancan, wayarsa na ƙara a aljihu. Ya ɗaga ido ya ga akuya, ya ga tsohuwa. A ransa ya ce wataƙila wani a danginta ya haihu. Tambaya ɗaya tak ta isa, amma bai yi ta ba. Ya zagaya bayan shago, ya fuskanci alƙibla, ya yi bisimilla ya yanka, ya wanke hannu ya koma kan ciniki.

Bayan Azahar kasuwa ta lafa. Yana zaune yana fifita da kwali, sai ya hango ta tafe a hankali. Sabon zane ta ɗaura, har da ƙamshin shago a jikinsa. Ta sha kitso, ƙafafunta sun sha lalle. A kanta akwai kwano an rufe da faifai.

Ta sauke a gabansa. Shinkafa ce da miya, ga manyan tsokoki a sama.

"Barkanmu da Kirsimeti, Kalilu. Allah shi maimaita muna."

Kwalin ya faɗi daga hannunsa.

Ita kuwa ta wuce ta zauna a bencin gindin dogon yaro, ta juya fuskarta wajen iyaka. Kafin ta fito ta rarraba wa maƙwabta nasu, kowa ya karɓa ya sa albarka. Wa zai yi gardama da mai biki a kan ranar bikinsa?

Tana zaune tana magana, rabi da shi, rabi da kanta.

"Bana sanyi ya makara, amma na ce tauraron gidanku bai taɓa yi mani ƙarya ba. Kwana goma sha huɗun ga, kullum sai na yi mafarkin ɗiyata. Jiya na gan ta tana 'yar ƙarama, tana tahowa ta cikin gonarmu ta da, gero ya fi ta tsawo, ba na ganin komi sai ɗankwalinta yana yawo bisa zangarniya. Ina kira tana dariya. Na aje mata hanta da ƙoda, su take so."

Mota ta farko ta tsaya. Inna Amarya ta dafa benci ta miƙe, ta bi fuskokin masu sauka ɗaya bayan ɗaya, ta koma ta zauna. Ta biyu ta zo, ta sake miƙewa. Rana ta karkata, inuwar bishiya ta bar bencin ta hau titi, ita ba ta gusa ba.

Kalilu ya shiga shago ya fito ya fi sau biyar. Abincin na gabansa ya huce, ya kasa ko taɓa shi. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Ya so ƙasa ta tsage. Ya ma yi tunanin ya yi shiru, ta gaji ta tafi, ta ɗauka ɗiyarta ce ta saɓa alkawari. Da ya ji wannan tunani a zuciyarsa, sai ya tsorata da kansa.

Gab da Magariba motar Ɗantala ta shigo, ita ce ta ƙarshe. Mutum shida suka sauka. Tsohuwa ta tsaya har aka rufe ƙofa.

Kalilu ya zo ya durƙusa a gabanta, ya ɗaga murya yadda za ta ji.

"Inna, Damaris ba ta makara ba. Ni na yi maki ƙarya. Yau ba Kirsimeti ba ce. Saura kwana arba'in."

Ta dube shi, ta ɗaga kai ta dubi saman ƙofa.

"To tauraron fa?"

"Ni na rataya shi kafin lokaci. Kaya sunka zo da wuri, na so in riga kowa."

Ba ta zage shi ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Sai ta gyara bakin sabon zanenta ta ce, "Ashe haka. Naman ba komi, ɗan nan, bakin mutane ya shiga. Amma murnar da nike tarawa tun bara, yau na kashe ta duka. Ban san da wacce zan tarbe ta ba."

Ta ɗauki faifanta ta kama hanya.

Washegari da sassafe Kalilu ya sauke tauraron, ya mayar da fitilu da huluna cikin kwalaye, ya ɗaure. Maƙwabtan shago suka yi ta yi masa tsiya, wai na farkon buɗewa ya zama na farkon rufewa. Ya shiga kara, kasuwar dabbobi, ya zaɓi rago mafi girma, fari tas, ya ja shi har ƙofar ɗakin tsohuwa.

Ta leƙo ta dube shi daga ƙaho har kofato.

"Tubarkalla. Wanga na wa?"

"Naki ne, Inna. Madadin wanda na yanka."

"Maida abinka. Wanga wani ya kiwata shi, ya gama. Mi zan yi mashi ni? In zauna in kalle shi?"

Ya dawo gida da rago. Salmatu ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Ka sake yin gaggawa, maigida. Kai gani kake nama ta rasa."

Ta shiga garke ta kamo wani ɗan akuya, ramamme, mai dogayen ƙafafu, haƙarƙarinsa ana ƙirgawa daga nesa. Ta miƙa masa igiya.

Kalilu ya ce, "Wannan? Ai sai ta ce na raina ta."

"Kai dai kai mata."

Da Inna Amarya ta ga ɗan akuyan, sai ta dafe ƙirji. "Wayyo, wane marar tausayi ya bar ka haka?" Kafin Kalilu ya buɗe baki ta karɓe igiya, tana shafa bayansa, tana lissafin inda za ta samo dusa da kowar wake. Ta ma manta da mutum na tsaye.

Daga ranar, kullum in ya taso daga sallar Asuba, Kalilu yakan biya ta ƙofarta da ɗan ƙunshin harawa, ya gaishe ta, ya faɗa mata kwanakin da suka rage. Ita kuma ta ba shi labarin mafarkin da ta yi, ko ta nuna masa inda akuya ya fara cikowa. Sanyi ya sauka sosai. Aka gama sussuka, amalanke suka riƙa wucewa da buhuna. Mutanen Riko da Farfaru suka fara leƙowa suna tambayar yaushe za a buɗe kaya, yana ce musu lokaci bai yi ba. Abin mamaki, shi kansa sai ya tsinci zuciyarsa tana ɗokin ranar, shi da ba bikinsa ba.

Da ya rage kwana goma sha huɗu ya taka benci ya rataya tauraron, sannan ya buɗe kwalaye. Yara suka yi cirko-cirko a ƙofar shago, bakinsu a buɗe, kamar ba su taɓa ganin fitila ba.

Ranar ashirin da biyar ga Disamba, hantsi ya ɗaga, ya hango tsohuwa tafe da igiya a hannu. Ɗan akuyan bai kai na farko ba, amma ya yi kyau, gashinsa na sheƙi. Shago cike yake da mutane. Kalilu ya ce kowa ya dakata.

Ya fito da wuƙa, ya tsaya, ya sunkuya daidai kunnenta.

"Inna, kafin in yanka, yau wace rana ce?"

Tsohuwa ta yi dariya har ana ganin dasashinta. Ta ce, "Ni na tsufa, ɗan nan. Tambayi wadda ke bayana."

Ya ɗaga kai. Wata mata ce tsaye da jaka a kafaɗa da goyo a baya, yanzu ta sauko daga motar farko, ta riƙe gefen zanen uwarta gam kamar ƙaramar yarinya, hawaye na bin kumatunta.

Darasi: Komai yana da lokacinsa, kuma rabin daɗin biki a cikin jiransa yake. Ba laifi ba ne ɗan kasuwa ya nemi halalinsa, amma kafin ka yi gaggawar riga kowa, ka tuna akwai wanda yake ƙirga kwanakinsa da abin da kake yi. In kuma ka ɓata wa mutum, ka tsaya ka gane abin da ya rasa kafin ka ce za ka biya shi. Ku tura wa 'yan uwa da maƙwabta, Musulmi da Kirista, ko Allah zai sa wani mai sauri ya ɗan tsaya ya yi tambaya.